A Daina Yi Wa Iyayenmu Mata Allurar Sanyi A Kan Ciwon Da Ba Sanyi Ba

Akwai wani ciwo da ke nuƙurƙusar manyan mata a wannan yanki namu, daga Nasarawar Burkullu zuwa Bukkuyum, daga Gummi har Anka, wanda da wuya a sami babban gida da babu mai fama da shi. Duk da haka ba a ambatonsa a zaure, ba a taɓo shi a wa'azi, a asibiti ma da wuya a tambayi mace ko tana da shi. Ciwon shi ne bushewar gaba da ke samun mace bayan jinin al'ada ya ɗauke mata. An san sanadinsa, an san maganinsa, an kuma daɗe da gwada maganin a kan dubban mata. Amma mu nan mun bar iyayenmu da yayyenmu da matanmu a hannun mutum uku: mai kemis da allurarsa, mai kayan mata da ƙulle-ƙullenta, da mai cewa tsufa ne, a yi haƙuri. Duka ukun a kan kuskure suke, kuma jikin baiwar Allah ne ke biyan bashin kuskuren nasu.

Abin da ke faruwa a jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan mata suna daina al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da hakan idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. A wannan lokaci ma'ajiyar ƙwan mace tana rage samar da wani sinadari da ake kira istirojin. Shi ne ke sa fatar cikin farji ta kasance mai kauri, mai laushi, mai danshi, mai iya buɗawa ba tare da ta tsage ba. Shi ne kuma ke sa fatar ta tanadi abincin wasu ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a wurin, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Ɗan tsamin da suke samarwa shi ne garkuwar wurin, domin miyagun ƙwayoyin cuta ba sa jure zama cikin tsami.

Idan istirojin ya ja baya, sai fatar ta sirance, ta bushe, ta riƙa tsagewa da 'yar gogayya kaɗan. Masu gadin nan su ragu, tsamin ya tafi. Mafitsara da hanyar fitsari ma abin yana shafarsu, tunda su ma da wannan sinadari suka dogara. Daga nan sai ƙaiƙayi, da raɗaɗi, da zafi lokacin kwanciyar aure, wani lokaci har da ɗigon jini bayanta, da yawan fitsari, da zafin fitsari mai tafiya yana dawowa. Wata doguwar tafiya a ƙasa ke gagararta, wata kuma hawa babur zuwa kasuwa. A 2014 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka tattara alamomin nan ƙarƙashin suna ɗaya, domin a gane cewa matsalar gaba da ta fitsari tushensu guda. Kusan rabin matan da suka daina al'ada suna samun wani abu daga cikinsu.

A nan ne mai cewa a yi haƙuri ya yi kure. Zafin jikin da ke taso wa mace kwatsam, da gumin dare, su kam yawanci suna lafawa bayan wasu shekaru. Bushewar gaba kuwa, idan ba a yi mata magani ba, ƙaruwa take yi. Macen da al'ada ta ɗauke wa tana da shekara 50, Allah ya ja kwananta zuwa 75, shekara 25 ke nan ake so ta daure da abin da ke da magani. Haƙuri ibada ne a kan abin da ba yadda za a yi da shi. Wanda ƙaya ta soka, cire masa ake yi.

Komai sanyi

A bakin mutanenmu, duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa ƙasa sunansa sanyi. Sai a aiki yaro kemis, ko maigida ya je da kansa ya ce a ba shi maganin sanyi na mata, a haɗo masa kafso da ƙwayoyi kala-kala, a ƙara da allurar kwana biyar. Ba wanda ya tambayi shekarunta, ba wanda ya tambayi yaushe rabonta da al'ada, balle a duba ta.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa mayar wa fata kaurinta. Suna ma ƙarasa 'yan masu gadin da suka rage, abin da kan buɗe ƙofa ga wani ƙaiƙayin mai zuwa da farin ruwa mai kauri. Sai a ce sanyin ne ya yi ƙarfi, a sake wata allurar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma a kowane zagaye ƙwayoyin cutar da ke jikinta suna koyon jure maganin, har ranar da ciwon gaske zai zo a rasa abin da zai kama shi. Wasu kuma man ƙurajen nan mai haɗi uku ake miƙa musu, alhali a cikinsa akwai sinadarin da ke ƙara sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa.

Ciwon sanyi na gaske yana nan. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, akwai ciwon mafitsara, kuma suna buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan an yi gwaji. Zafin fitsarin da ya haɗu da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, asibiti za a nufa a ranar, domin yana iya hawa ƙoda. Amma idan dattijuwa tana samun ciwon mafitsara sau uku ko huɗu a shekara, abin tambaya shi ne me ke dawo da shi. An amsa wannan tambaya tun 1993, lokacin da likitoci biyu, Raul Raz da Walter Stamm, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata 93 da suka daina al'ada, masu yawan ciwon mafitsara. Waɗanda aka bai wa man da babu magani a cikinsa, ciwon ya riƙa dawo musu kusan sau 6 bisa lissafin shekara. Waɗanda aka bai wa man istirojin na sakawa a gaba, lissafinsu ya sauka zuwa sau ɗaya a shekara biyu. Tun 2019 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka take ba da shawarar a yi amfani da shi a irin wannan hali.

Kalmar sanyi tana da wata ɓarnar kuma, wato zargi. Matar da ta yi shekara talatin a ɗakinta sai ta fara zaton maigida ya kwaso mata cuta, ko ta ɗora wa amarya, ko ita a ce ba ta da tsafta. Sai ta dage da wanke ciki da sabulu da ruwan zafi, wurin ya ƙara bushewa. Gidaje nawa ne suka hargitse a kan cutar da babu wanda ya shafa wa wani?

Kayan mata da aska

Mai kayan mata ta fi kowa kusa da matan nan, domin ita kaɗai ta yarda ta kira matsalar da suna, ɗaukewar ni'ima. Shi ya sa ake tururuwa wurinta a kasuwa da gidan biki, yanzu kuma a Facebook da TikTok. Ba ni da rigima da gumba da dabino da madara da kankana. Abinci ne, mai so ta ci, sai dai mai ciwon suga ta kiyaye. Amma babu ɗayansu da zai dawo da abin da ya tafi. Rigimata da abin da ake cusawa ne da sunan matsi: alimun, bagaruwa, kanwa, da garin da mai sayar da shi ma ba ta san duk abin da ke cikinsa ba. Bagaruwa ita ce majema ke jeme fata da ita. Aikinta da na alimun shi ne su tsotse ruwa su ɗaure fata, to ina amfanin haka ga fatar da bushewa ce ciwonta? Kanwa kuwa ƙuna take yi, kuma tabon da take bari yana iya tsuke wurin har sai an yi tiyata.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan garin da ba a gwada ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta da Abare, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A ido ƙura ce kamar kowace ƙura. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masana suka auna jini da ƙasa sannan aka gane abin da ke kashe yaran. Darasin da muka saya da tsada shi ne ido ba ya gane guba. Don me za mu yarda a cusa garin da ba a auna ba a wurin da fatarsa ta fi ko'ina rauni?

Mafi muni shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke tsaga gaban mace da aska idan ta yi kukan zafin kwanciya ko wahalar fitsari. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an bi bayanan mata 1,443 da aka yi wa aikin yoyon fitsari tsakanin 1969 da 1980, aka tarar kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Matar da bushewa ce ke damunta, a yanka ta, ta koma ba ta iya riƙe fitsari. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Maganin da ya dace

Tunda rashin istirojin ne a wuri guda, maganin shi ne a mayar da ɗan kaɗan a wurin. Yana zuwa iri uku: man da ake sakawa da ɗan bututun awo, irin su Ovestin da Premarin; 'yar ƙwayar da ake sakawa ciki, irin su Vagifem; da zobe mai laushi da ke zama wata 3 kafin a canza. Yawanci ana sakawa kowane dare na kimanin mako 2, wasu nau'o'in har 3, daga nan a koma sau 2 a mako. Sauƙi yana fara bayyana cikin 'yan makonni, cikakken amfani kuma yana iya kai wata 3. Idan aka daina, matsalar takan dawo, don haka ana ci gaba da shi, ana komawa asibiti sau ɗaya a shekara a duba. Da yake da dare ake amfani da shi, bai shiga lokacin azumi ba.

Ba ya dawo da al'ada, ba ya sa haihuwa, ba ya hana ta, ba ya kuma maganin zafin jiki da gumin dare. Wasu kan ji ɗan raɗaɗi ko ƙarin ruwa a kwanakin farko. Kada a wuce awon da aka rubuta, kada a kwanta da maigida nan take bayan an saka man, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Kada kuma wata ta ce tunda istirojin ne, bari ta sha ƙwayar tsarin iyali a madadinsa. Wannan wani magani ne daban, mai ƙarfi, mai haɗari ga mace mai shekaru.

Wadda matsalarta ba ta yi tsanani ba, ko wadda ba za ta iya amfani da istirojin ba, akwai man santsi na ruwa da ake sayarwa don kwanciyar aure, da man danshi da ake sakawa bayan kwana biyu ko uku. Suna rage zafi, ko da yake ba sa gyara fatar. Mai shayarwa ma takan sami bushewa ta ɗan lokaci saboda istirojin ɗinta ya yi ƙasa, kuma irin wannan man yakan wadatar da ita.

Masu tsoratarwa da sankara

Akwai rukuni na huɗu, 'yan boko, har da wasu ma'aikatan lafiya, da ke cewa duk maganin da ke da istirojin sankara yake kawowa. Tsoron yana da asali. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna Women's Health Initiative, wanda ya ƙunshi mata 16,608, bayan an ga cewa masu shan ƙwayar istirojin haɗe da wani sinadarin sun ɗan fi samun sankarar mama, da shanyewar ɓarin jiki, da daskarewar jini a jijiya. Ƙarin sankarar maman ya kai mata 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Daga nan aka buga gargaɗi mai ban tsoro a kwalin duk wani magani mai istirojin, har da na sakawa a gaba, wanda ba a ma gwada shi a wannan gwajin ba.

Haɗa su biyun kuskure ne, kuma lissafi ya isa shaida. Ƙwayar sakawa tana ɗauke da maikirogiram 10. Idan mace ta bi ƙa'ida shekara guda cur, duk abin da ta saka miligiram 1.14 ne, wato kusan daidai da ƙwaya ɗaya tal ta miligiram 1 da ake sha a rana guda. Abin da ke shiga jini daga ciki kaɗan ne ƙwarai. A 2018 masu wancan bincike suka fitar da bayanan wasu mata fiye da 45,000 da suka bi tsawon shekaru, kuma ba su ga ƙarin sankarar mama ko ta mahaifa ko shanyewar jiki ga masu sakawa a gaba ba. Tun 2022 a Birtaniya macen da ta kai shekara 50, ta kuma shekara ba ta ga al'ada ba, tana iya sayen wannan ƙwaya a kantin magani ba tare da takardar likita ba, bayan an yi mata tambayoyi. A watan Nuwamban 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa za a cire wancan gargaɗi. Waɗanda suka fara tsoron sun sauka daga kansa, mu kuma muna nan riƙe da shi.

Amma fa a fara da dubawa

Wannan ba izini ba ne na a aiki yaro kemis ya sayo. Dole a fara duba mace, saboda dalili mai ƙarfi: duk jinin da ya fito bayan mace ta shekara da daina al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, sai an binciki asalinsa. Yana iya zama tsagewar busasshiyar fata, yana iya zama farkon sankarar bakin mahaifa ko ta cikin mahaifa. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kashe kimanin mata 8,000 a ƙasar nan a 2020. Haka nan ruwa mai wari, da gyambo, da ƙari, da farin tabo mai ƙaiƙayi a bakin gaba, duk sai an gani da ido. Ƙaiƙayin da ya ƙi ji kuma a auna suga. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko jininta ya taɓa daskarewa a jijiya, kada ta fara sai ta yi shawara da likitan da ke kula da ita.

Kunya, da masu cewa ba lokacinsa ba ne

Za a ce a ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara ke fama da tamowa, 'yan bindiga suka tare hanyoyi, wannan ne abin magana? Haka ne, shi ne. Kakar da ke riƙe da marayun da rikicin nan ya bari, ita ce ke tashi fitsari sau biyar a dare, ita ce kuɗin gidan ke ƙarewa a kan allurarta da ba ta da amfani. Tsarin lafiyarmu ya san mace ne kawai tana da ciki ko tana goyo. Ranar da ta daina haihuwa sai a rufe littafinta, kamar amfaninta ne ya ƙare. Rashin tsaron ma hujja ce a gare mu: tunda zuwa Gusau ko Sakkwato ya zama kasada, wajibi ne maganin da ilimin ba da shi su sauko asibitocin Gummi da Anka da Bukkuyum da Nasarawar Burkullu. Ba ya buƙatar na'ura ko tiyata. Ungozomar asibiti da aka horar za ta iya dubawa, ta gane wadda za a ba magani da wadda za a tura gaba.

Masu fakewa da kunya kuma su tuna cewa addininmu bai ɓoye wannan fage ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci matan da suka daina haila a Suratuɗ Ɗalaƙ, ya faɗi iddarsu. A makarantun zaure ana karanta babin haila a Ahlari da Risala ba tare da an sunkuyar da kai ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. A ƙasar nan tamu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa manyan mata a matsayin jaji, su kai ilimi ga 'yan'uwansu mata a ƙauyuka. Kunyar da ke sa uwa ta kwana tana kuka ita kaɗai ba irin wadda aka yaba ba ce.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Magidanta, idan uwargida ta fara gudun shimfiɗa bayan shekara arba'in da wani abu, kada ku fara da zargin raini ko sammu ko ƙiyayya. Zafi take ji, kuma tilasta mata cutarwa ce. Ku tambaye ta cikin taushi, ku ba ta izini da kuɗin mota. 'Ya'ya mata da surukai, ku ne za ku iya buɗe maganar da Inna ko Hajiya ba za ta taɓa buɗewa ba, ku raka ta. Ma'aikatan lafiya, duk macen da ta haura 45 ta zo da hawan jini ko ciwon gwiwa, ku ƙara mata tambaya ɗaya a keɓe game da bushewa da zafin fitsari. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku daina haɗa maganin sanyi ga wadda ba ku gani ba. Malamai mata a makarantun Islamiyya, ku ba wannan batu rabin sa'a. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara kuma ta sanya istirojin na sakawa a cikin magungunan da ake ajiyewa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ta horar da ungozomomi a kansa.

Ke kuma da abin ya shafa, ba ki aikata wani laifi ba, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ki nemi ma'aikaciya mace a asibitin da ya fi kusa da ke, ki ce mata: "Malama, al'ada ta ɗauke mini, gabana yana bushewa yana zafi, ina so a duba ni." Idan aka ce sanyi ne ba tare da an duba ki ba, ki tambaya ko rashin istirojin ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri.